Zuwa ga Malam Sani, game da rashin cin abincin Hajiya

Tudun Wada,
Kaduna.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma jikin Hajiya yana ƙara sauƙi. Allah Ya sa wannan jinya ta zama kaffara, Ya ba ku ladan ɗawainiya.

Saƙonka ya iso, kuma na fahimci damuwar da kake ciki a can Fatakwal: tun da aka kammala wa Hajiya allurar kemo, wato maganin ciwon daji (sankara), abinci ya fita daga ranta, har tuwo da miyar kuka da ta fi so take turewa, wasu dangi kuma sun fara cewa ta karaya ne ko tana taurin kai. Na zauna na rubuta maka a tsanake domin mun ga irin wannan a gidanmu lokacin da Yaya Binta ta yi jinyar sankarar mama a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne, Hajiya gaskiya take faɗa idan ta ce abincin ba daɗi. Bakin nata ne ya sauya, kuma matsa mata lamba ba zai dawo da shi ba.

Yadda likitoci suka bayyana mana, maganin kemo yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, domin haka ƙwayoyin daji suke. To amma saiwar sumar kai da fatar cikin baki da ƙwayoyin ɗanɗano na harshe su ma masu saurin sabuntawa ne, na harshen ma kusan duk bayan mako biyu suke sauyawa, shi ya sa maganin yake taɓa su. Wasu magungunan, irin su cisplatin da cyclophosphamide, an san su da barin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yaya takan ce ji take kamar ta kwana da tsabar kuɗi a ƙarƙashin harshenta. Naman sa ya koma mata da ɗaci, shayi ya yi mata zaƙin da ya wuce kima, miya kuwa ko an cika gishiri sai ta ce lami ce. Hanci ma yana da hannu a ciki, domin mafi yawan daɗin da muke ji a abinci daga ƙamshi yake zuwa, kuma ƙaurin albasa a cikin mai, wanda a da yake tayar mata da yunwa, sai ya koma tayar mata da zuciya. Wanda aka ƙona wa ciwon daji da hasken na'ura a kai ko a wuya lamarinsa ya fi tsanani, saboda yawu yakan ƙafe, kuma abinci ba ya ba da ɗanɗano sai ya jiƙa. Ga mafi yawan waɗanda suka sha kemo, ɗanɗanon yakan fara dawowa cikin makonni ko 'yan watanni bayan an gama, na wanda aka yi wa ƙunar na'ura a wuya kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo fiye da haka.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne daina jiran yunwa. Mai irin wannan jinya yana iya wuni bai ji ta ba, don haka sai aka koma bin agogo, ana ba Yaya ɗan abu kaɗan duk bayan awa 2 ko 3, a ƙaramin kwano. Babban faranti cike da tuwo yana karya zuciyar mara lafiya tun kafin ya sa hannu, amma loma uku da aka cinye sun fi malmala biyu da aka mayar. Mun lura cewa da safe ta fi iya ci, sai aka riƙa ba ta mafi ƙarfin abincin a lokacin. Ruwa kuma a tsakanin cin abinci take sha, domin idan ta sha da yawa tana ci sai ya cika mata ciki.

Tun da jan nama ya ƙi shiga, sai muka nemi abin da zai maye gurbinsa wajen gina jiki: dafaffen ƙwai, alale, awara, farfesun kifi ko na kaza mara yaji, da kunun gyada mai kauri da aka zuba wa madara. Kunun gyadar nan shi ya riƙe ta a makonnin da suka fi wuya. Abinci mai huci ya fi tashin wari, don haka a bar shi ya huce kafin a kai wa Hajiya, a kuma nisanta ɗakinta da madafi lokacin girki. A ajiye cokalin ƙarfe, a ba ta na roba ko ludayin duma, domin hakan yana rage ɗanɗanon ƙarfen. Ɗan tsami ma yana farkar da harshe, shi ya sa kunun tsamiya da zoɓo da matsin lemon tsami a kan kifi suka karɓi Yaya. Sai dai idan akwai gyambo a bakin Hajiya, a guji tsami da yaji gaba ɗaya har ya warke.

Fura da nono suna da amfani ƙwarai, amma ina roƙonka kada a sayo na talla. Garkuwar jikin wanda ya sha kemo takan yi rauni na wani lokaci, kuma nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya jawo cutar da jikinta ba zai iya ɗauka ba. Mu a gida ake dama furar da yogot na kanti da tafasasshen ruwa.

Ka sa a riƙa duba cikin bakinta. Idan aka ga fari-fari ya lulluɓe harshe ko kumatu ta ciki, wannan cuta ce da ke kama baki bayan kemo, tana ɓata ɗanɗano, kuma likita yana da maganinta. Ma'aikatan jinya sun koya mana kurkure baki kafin cin abinci da bayansa da kofi ɗaya na ruwan ɗumi da aka zuba wa rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda da ɗan gishiri kaɗan. Haka kuma a gaya wa likita idan bayan gida yana yi mata wuya, domin magungunan kashe zafi masu ƙarfi da wasu na hana amai suna ɗaure ciki, kuma cikin da ya ɗaure ba ya neman abinci. Mutanenmu suna jin kunyar faɗar wannan, musamman uwa a gaban ɗanta, don haka ka bar wa maiɗakinka ko wata 'yar'uwa ta tambaye ta.

Akwai maganar da ke yawo cewa a hana mai ciwon daji sukari da nama da mai domin a kashe cutar da yunwa. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai, domin mara lafiyar ne yake ramewa, ƙarfin da zai murmure da shi ya tafi. Idan Hajiya ba ta da ciwon sukari, duk abin da ranta ya karɓa na halal a ba ta. Masu kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe da kyakkyawar niyya suke zuwa, a gode musu, amma kada ta sha komai sai likitanta ya sani, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, wasu kuma suna cin karo da maganin asibiti. Idan ta matsa sai ta yi azumin nafila ko ramuwa, a samu malamin da take girmamawa ya tuna mata rangwamen da Allah Ya yi wa mara lafiya a cikin Suratul Baƙara.

Ka sayi sikeli a riƙa auna ta sau ɗaya a mako, ana rubutawa. Likitoci suna ɗaukar raguwar fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a cikin wata 6 a matsayin abin da ba a sakaci da shi, wato fiye da kilo 3 ga mai kilo 60. Idan ta kai haka, ku nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibiti. Idan kuwa ta kasa riƙe ko da ruwa na tsawon yini, ko fitsarinta ya ragu sosai, ko zafin jikinta ya kai digiri 38, a kai ta asibiti a ranar, ba sai ranar ganin likita ta zagayo ba.

Baƙin ciki ma yana toshe ciki, kuma wanda ya fito daga irin wannan jinya yakan ɗauke shi shiru. Kada a riƙa kai mata kwano ɗaki a tsaya a kanta ana ƙirga loma. Ka zauna ku ci tare, a kira jikoki su kewaye ta, a yi hirar da ba ta ciwo ba. Idan ta ce ta ƙoshi, a ɗauke kwanon ba tare da ƙorafi ba, a sake gwadawa an jima.

Na shiga Kasuwar Bacci na haɗa mata tsamiya da gyada da busasshen zoɓo da garin kuka, kuma zan ba direban motar Fatakwal ranar Asabar in Allah Ya yarda, sai in kira ka da lambarsa. Yaya Binta ta ce a ba Hajiya lambarta, tana so su yi magana su biyu. Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, da maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Aminu