Zuwa ga Habu, a kan musunmu na masu kaɗa jita

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan Damagaram hunturu ya shigo, sai godiya.

Musun da muka bari a teburin mai shayi kafin tafiyarka bai bar ni ba. Kai ka kafe cewa a kiɗan rock babu kamar Eddie Van Halen. Na yi makonni ina sauraron manyan masu kaɗa jita ɗaya bayan ɗaya, musamman wurin da mawaƙi yake yin shiru ya bar wa jita fili.

Ban raina mutuminka ba. Tun faifan farko na ƙungiyarsu ta Van Halen na 1978 ya ɗora yatsun hannun dama a wuyan jita yana ƙwanƙwasa tsirkiya, hannu biyu suna aiki wuri ɗaya, sauti na zubowa kamar ruwan sama a kan kwano. Ya koyi fiyano tun yana yaro, kuma ana jin haka a tsarin kiɗansa. Amma ka san wa ya ce ya fi koyi da shi? Eric Clapton na zamanin da yake ƙungiyar Cream, har haddace kiɗansa yake yi. Shi kuwa Clapton a wurin baƙaƙen fatar Amurka ya sha, irin su B.B. King da Freddie King, masu kiɗan da ake kira blues, waɗanda ba sa gaggawa.

Ni dai David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ne ya kama ni. Zai taɓa tsirkiya ɗaya, ya tura ta sama da yatsa, ya riƙe, ya bar ta tana kuka kamar goge a tsakar dare. Sai ya yi shiru kaɗan, kamar mai magana ya tsaya ya ja numfashi. Idan Eddie ya gama, mamaki nake yi. Idan Gilmour ya gama, sai in tarar ina rera abin da jitarsa ta faɗa har a kan hanya. Wallahi wannan ya fi mini.

Jimi Hendrix kam daban yake, ban san layin da zan sa shi ba. Bahago ne, ya juya jita ƙirar Fender Stratocaster ta masu dama yana kaɗawa. Ƙarar nan da lasifika ke yi idan jita ta matso kusa, wadda kowa ke gudu, shi ya mai da ita kiɗa. A bikin kiɗa na Woodstock a 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya kaɗa taken Amurka har kana jin kamar bama-bamai na faɗuwa. Ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27, abin yana taɓa ni.

Kada ka manta da namu na gida. Bombino na Agadas bidiyon Hendrix da na makaɗin jita Mark Knopfler ya riƙa kallo lokacin gudun hijira. Mdou Moctar shi ma bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma yana da saurin da zai burge ka.

Don Allah ka samu dare guda, bayan an tashi kasuwa, ka saurari Gilmour kai kaɗai, sannan ka rubuto mini. Ka gai da Hajiya da yara, Inna ma tana gaishe ka.

Naka,
Sani