Wasiƙa ga kamfanin da ya raba sakamakon gwajin mahaifina

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Wata uku ke nan na kai mahaifina wani ɗakin gwaji a nan cikin Katsina da ke aiki da manhajarku. Aka ɗebi jininsa, aka ce ciwon hanta ne nau'in B. Kafin nan an miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya dangwala. Baba ajami yake karantawa, ga layi a bayansa, sai ya dangwala.

Makon jiya bayan la'asar wani ɗalibi mai bincike, ɗan maƙwabcinmu, ya tare ni yana tambayar yaya mai jiki. Ko ƙannena ba su sani ba. A cikin jerin sakamakon gwaji da kuka ba masu bincike ya gani. Na kira ofishinku, aka ce ai an goge sunaye. An goge ɗin, amma an bar shekaru 71, namiji, sunan unguwa, da sana'a: ladan. Don Allah ladan nawa ne mai shekara 71 a unguwarmu? Magana ta fita. Yanzu mutanen da suka shekara talatin suna haɗa kwano da shi a zaure sun fara janye hannu, alhali ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin tuwo tare. Dattijon ya koma ci a ɗaki.

Masana harkarku sun daɗe da sanin wannan. Tun 1997 wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta gano bayanan asibitin gwamnan jihar Masachuset a Amurka daga jerin da babu suna, da ranar haihuwa da jinsi da lambar yanki kawai.

Ban ce a daina bincike ba. Da irin waɗannan alƙaluma ake sanin inda sanƙarau ko kwalara suka ɓulla a kai ɗauki. Amma mai bincike sunan ƙaramar hukuma ya ishe shi, cikin 34 da muke da su a jihar nan, ba sai an sa unguwa ba. A rubuta "60 zuwa sama", a cire sana'a.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan majinyaci sirri ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa na lafiya cikin masu tsananin kariya. Ina so ku janye jerin nan, ku rubuto mini duk wanda kuka ba shi, ku mayar da takardar amincewa Hausa a riƙa karanta wa mutum kafin ya dangwala. In mako biyu ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai kuka hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC.

Wassalam,
Ɗan ladan, Katsina