Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Noma na Jihar Kaduna Kan Cinikin Kifin Ado

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya taya ka riƙo, amin.

Na san teburinka cike yake da maganar taki da iri da rigakafin dabbobi. Duk da haka ina roƙon ka ba ni aron kunnenka kan wani ciniki da ke bunƙasa a garin nan ba tare da kowa ya waiwaye shi ba, wato sayar da kifin ado, irin wanda ake zubawa a akwatin gilashi a ajiye a falo ko ofis ko ɗakin jira na asibiti. Kifi dabba ne, kiwonsa kuma yana ƙarƙashin ma'aikatarka, shi ya sa na nufo ƙofarka.

A hunturun da ya wuce 'yata ta haddace izu biyar. Na ce ta faɗi abin da take so, ta ce kifi. Muka je wani shago a cikin gari, muka tarar da yaro mai fara'a da ladabi. Ya ɗauko mana ƙwaryar gilashi mai kamar girman ƙwallon ƙafa, ya kamo kifi uku masu ruwan zinare, irin da ake kira golfish, ya ƙara da wani baƙi mai manne baki a jikin gilashi, ya ce shi ne "mai shara". Na tambaye shi yadda ake kula da su. Ya ce, "Alhaji, ba su da matsala ko kaɗan. Ruwan famfo kawai za ka zuba. Abinci safe da rana da dare. In ruwan ya yi datti ka zubar, ka wanke tas, ka sa sabo." Na biya, muka taho, yarinya na rungume da leda a ƙirji kamar wadda aka ba jariri.

Kwana biyu sai muka ga kifin sun taso saman ruwa suna ta buɗe baki. Yara suka ce yunwa ce, aka ƙara musu abinci. Rana ta uku ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Na yi yadda aka ce min, na zubar, na wanke, na tara sabo daga famfo. Da na dawo daga sallar asuba biyu suna kwance a gicciye a saman ruwa. Yarinyar ta daɗe a tsugune gaban ƙwaryar ba ta ce komai ba, can ta ɗago ta ce, "Baba, ni ce ban iya ba su abinci ba?" Ranka ya daɗe, wannan tambaya ce ta sa nake rubuto maka.

Na koma shagon. Amsar da na samu ita ce kwanansu ne ya ƙare, kifi haka yake, ga wasu nan sababbi sun iso. Ban ga alamar mugunta a fuskar yaron ba. Abin da aka koya masa shi ne kamo kifi da ƙulla leda da karɓar kuɗi, kuma mutum ba ya bayar da abin da ba shi da shi.

Wani abokina mai kiwon tarwaɗa a wajen Mando ne ya zaunar da ni ya warware min zare da abawa. Ashe duk shawarar da aka ba ni ita ce ta kashe su. Ruwan famfo akwai kulorin a cikinsa, wanda ake sawa don ya kashe ƙwayoyin cuta mu sha lafiya, amma shi kifi ƙona masa wurin numfashi yake yi. Sai an bar ruwan a buɗe ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin da ke kashe kulorin. Sannan kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake kashi. Kashinsa da ragowar abinci su ne ke zama amoniya, ita kuwa guba ce. A kogi ruwa na gudu, ba ta taruwa. A cikin gilashi kuwa ba mai ceton kifi sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin matacin ruwa da tsakuwar ƙasan akwatin, su juya amoniyar zuwa wani sinadarin, daga nan zuwa wanda bai cika cutarwa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya aikin, ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ke nan duk wanda ya sayi akwati da kifi rana ɗaya ya cika shi, ya zuba su ne a cikin guba mai taruwa. Wanda kuma ya wanke komai tas, ya kashe 'yan ƙwayoyin da suka fara tsirowa, ya koma farko. Abin da ake so shi ne a rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a cike gurbinsa, a kuma ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu. Buɗe bakin nan da muka ɗauka yunwa ce, iska suke nema.

Bayanin nan duka bai ɗauki abokina minti goma ba. Da a shago aka yi min shi, da kifin suna nan.

Ita kanta ƙwaryar gilashin ita ce babbar yaudara, ko da mai sayarwa bai nufa ba. Golfish ba kifin mako biyu ba ne. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwonsa, kuma idan ya samu kula yakan yi shekara 10 zuwa 20, tsawonsa ya kai santimita 20 ko fiye. Akwai wanda ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43. Masu kiwo suna ba da shawarar kamar lita 75 ga guda ɗaya, wato jarka uku ta lita 25. Mu kuwa huɗu aka cusa mana a ruwan da bai cika bokiti ba. Birnin Rum na Italiya ya hana ajiye kifi a irin wannan ƙwarya tun 2005. A nan ita ce a gaban shago, da fure na roba a ciki, don ta fi araha kuma ta fi ɗaukar idon yaro.

Sauran tarkunan ba sa ƙirguwa. Akwai kifin da ake kira oska, ana sayar da shi yana ɗan mitsitsi, ba a gaya maka zai haura santimita 30 ya haɗiye duk wanda ya shiga bakinsa ba. Akwai kifin faɗa ɗan asalin Tailan mai jela kamar mayafi, wanda in aka haɗa maza biyu sai sun yayyage juna. Shi da irinsa ruwa mai ɗumin 24 zuwa 28 a ma'aunin zafi suke so, alhali a daren hunturun Kaduna sanyi kan sauka zuwa wajen 15, kuma ba mai yi wa mai saye maganar hita, wato na'urar ɗumama ruwa. Ga matsalar wuta. Injin iska da mataci da lantarki suke aiki, in aka ɗauke wuta dare guda akwatin da aka cika da kifi ya zama kabari. Akwai ƙaramin injin iska mai batir, ba shi da tsada, amma sai wanda ya yi asara sau biyu ko uku yake jin labarinsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa shi ne "mai sharar" nan. Shi kaɗai ya rayu a gidana, don yana da taurin rai. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, jikinsa sulke ne, kuma yakan kai santimita 40 zuwa 50. To idan ya fi ƙarfin akwati, ina mai shi zai kai shi? Mutum mai tausayi ba zai kashe shi ba, zai ɗauka a bokiti ya sake shi a Kogin Kaduna ko wani rafi, yana ganin ya yi aikin lada. Haka aka yi a Bangaladash har kifin ya cika kogin Buriganga da ke Dhaka, masunta suna jefa koma suna jawo abin da ba ya sayuwa, sai da gwamnatin ƙasar ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a 2023. Yana haƙa ramuka a gaɓar kogi, yana cinye abincin kifin gida. Mu ma ba baƙin irin wannan ba ne. Kainuwar nan mai fure ruwan hoda da shuɗi, wadda ita ma daga Kudancin Amurka aka yaɗa ta duniya don ado, ta ɓullo mana ta Badagry a 1984, har yau ana fama da ita. Masuntanmu da ke kamun karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa ba su san ana wannan ciniki ba, amma su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa. Rigakafi ya fi magani, kifin da ya shiga kogi kuma ba mai tsince shi.

Ban zo neman a rufe shagon kowa ba. Matasa ne ke neman halaliyarsu, kuma sana'a ce mai kyau. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta san su, ta yi musu rajista mai sauƙi wadda ba za ta zama wata hanyar karɓar kuɗi ba, ta tara su ko na kwana biyu ne a koya musu abin da abokina ya koya min. Masu ilimin ba su da nisa. Ga Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, ga jami'an kiwon kifi na ma'aikatarka.

Abin da na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne takarda guda ɗaya, da Hausa da Turanci, har da ajami in da hali, wadda za a wajabta miƙa wa duk wanda ya sayi kifi. A jikin kowane akwati kuma a manna sunan kifin, da girman da zai kai, da yawan ruwan da yake bukata, da wanda ba a haɗa shi da shi. A ƙasa a rubuta da manyan baƙi cewa kada a saki kifin ado a kogi ko dam ko kwata, a mayar da shi shago. Dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018 ta riga ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani cikin harshen da zai fahimta. Mai sayen maganin kaji ana gaya masa cokali nawa zai sa a ruwa. Me ya sa mai sayen abu mai rai zai fita da leda kawai?

Da wannan nake tuna mana hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa tana kuka a ji. Kifi ba shi da murya, sai dai ya taso sama ya buɗe baki, mu kuma mu watsa masa abinci. Yaron da ya ga kifinsa na mutuwa ana sake sayo wani duk wata, a hankali zai ɗauka rai abu ne da ake canzawa kamar batir, kuma ba tarbiyyar da muka je nema masa ke nan ba.

Yanzu a gidana akwai akwati mai lita 100. Mako biyar muka bar shi yana aiki ba kifi, muna ɗan yafa abinci don ƙwayoyin su samu abin ci, yarinyar tana leƙa ruwa zalla kullum in ta dawo daga Islamiyya. Kifi biyu ne a ciki, ita ke auna abincinsu da ɗan yatsa, ita ke tuna min ranar Asabar cewa yau ake rage ruwa. Mai sharar kuma na mayar wa shagon. Yaron ya karɓa, ya tambaye ni dalili, na zauna a kan benci na yi masa bayani, ya ɗauko biro ya rubuta a bayan rasit.

Allah ya ƙara wa Kwamishina lafiya da basira, ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani uba mazaunin Unguwar Rimi, Kaduna