Sanarwa: Zaman bita kan cinikin Luwiziyana

Assalamu alaikum ƴan aji uku. Zaman bitarmu na ranar Asabar yana nan, bayan la'asar, a ɗakin karatu na sashen tarihi. Za mu duba yadda Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, zamanin Shugaba Thomas Jefferson. Cinikin nan ya kusa ninka faɗin ƙasar.

Don Allah kada kowa ya zo da haddar shekara da kuɗi kawai. Abin da malam ke son ji shi ne dalilin da ya sa Napoliyon, shugaban Faransa a lokacin, ya sayar, kuma amsar tana Haiti, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bayin da suka yi bore tun 1791 sun gagari sojojin da ya tura, zazzaɓin shawara ya kashe da yawa daga cikin sojojin, ga yaƙi da Ingila na ƙaratowa, baitulmali kuma ba nauyi. A ganina, duk wanda ya tsallake Haiti a jarrabawa, rabin maki zai samu.

Kowa ya zo da taswira, ya nemo kogin Misisipi da tashar jiragen ruwa ta New Orleans. Masu turo tallar data cikin rukunin nan kuma, a yi haƙuri a daina.