A Riƙa Tuntuɓar Masu Haƙoran Roba Ta Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi kira ga asibitocin haƙori, su riƙa bibiyar waɗanda suka saka wa haƙoran roba da saƙon waya.

Bara aka yi wa mahaifiyata haƙoran roba na sama. Likita ya yi mata bayani ranar da aka saka su, amma hankalin Hajiya yana kan madubi. Da na kai mata ziyara bayan wata uku, sai na tarar tana kwana da su a baki, da safe ta dirje su da asuwaki da garin gawayi, wani lokaci kuma ta tsoma su a tafasasshen ruwa, wai don su fi tsabta. Ganɗarta ta yi jawur, robar kuma ta karkace har ta daina zama daidai, muka sake biyan kuɗin wata.

Abin da ya kamata ta sani bai fi cikin cokali ba: a cire haƙoran da dare a jiƙa su a ruwan sanyi, a wanke su da burushi mai laushi da sabulu maimakon man goge baki, wanda yake kankare robar, sannan a koma asibiti idan sun fara rawa, domin dasashi yana motsewa da shekaru. Kwana da su ma ba ƙaramin haɗari ba ne, don wani bincike da aka wallafa a 2015 kan tsofaffi a Japan ya nuna yana ninka yiwuwar kamuwa da ciwon nimoniya.

Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan wayar da kai game da lafiyar baki ta wayar hannu, saboda haka ba sabon abu nake nema ba. Sai dai a nan wajenmu rubutaccen saƙo da Turanci ba zai yi wa irin su Hajiya amfani ba, domin yawancinsu ba sa karanta boko, kuma wasu suna jin nauyin ba jika ya karanta musu zancen haƙoran da suke ɓoyewa. Saƙon murya da Hausa ya fi dacewa, ta WhatsApp ko ta kira, a aika shi bayan sallar isha'i, lokacin da ake shirin kwanciya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya