Lambobin ƙirjin ɗan sandan doki ba su faɗi rabin aikinsa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji shirinku na makon jiya kan 'yan sandan doki na Kanada, masu jar riga da faffaɗar malafa, kuma na ji daɗinsa. Sai dai akwai inda mai gabatarwa ya ce in kana son sanin aikin ɗan sanda, dubi lambobin da ke ƙirjinsa. A nan ne na ce a'a, sai na rubuto.

A ɗauki Sam Steele, wanda duk mai ba da tarihin rundunar nan ba ya tsallake sunansa. Yana cikin na farkon da suka shiga a 1873, shekarar da aka kafa ta. In ka bi lambobinsa ɗaya bayan ɗaya, labarin yaƙi za ka karanta. Akwai ta fitar da sojoji suka yi zuwa Red River a 1870, tun bai zama ɗan sanda ba. Akwai ta 1885, lokacin da 'yan Metis, masu jinin Turawa da na 'yan asalin ƙasar, ƙarƙashin Louis Riel da wasu daga ƙabilar Cree suka yi bore a yammacin ƙasar, shi kuma ya jagoranci mahaya aka bi sawun mutanen Big Bear, wani shugaban Cree, har Loon Lake. Wannan lambar, in ka tambayi jikokin waɗanda aka kora daga ƙasarsu, ba abin ado ba ce a wurinsu, don a ƙarshen shekarar aka rataye Riel a Regina. Sai ta Afirka ta Kudu, inda ya ja rundunar Strathcona's Horse zuwa yaƙin Ingila da Turawan Bowa a 1900. Akwai kuma na fada, irin waɗanda Sarkin Ingila ke rataya wa manyan hafsoshi, har da wadda ta sa ake ce masa Sir a 1918, yana manjo-janar.

To ina lambar aikin ɗan sanda? Abin da ya fi ɗaukaka sunan mutumin nan shi ne aikinsa a yankin Yukon, can arewacin Kanada, a 1898, lokacin da dubban mutane suka yi cincirindo neman zinariya a Klondike. 'Yan sandansa suka tsaya a bakin mashigar duwatsu irin Chilkoot, cikin ƙanƙara, suka ce ba mai wucewa sai da guzurin da zai kai shi shekara guda. Mutum ya yi ta hawa da sauka da buhu a baya kafin ya cika kayansa, yana tsine musu, amma dokar ce ta hana da yawa mutuwar yunwa. A garin Dawson, wanda ya yi laifi a sa shi faskaren itace, wanda ya cika fitina a sa shi a jirgin ruwa ya bar gari. Duk wannan, ko ƙyalle ɗaya ba ya nuna shi a ƙirjin Steele. Rundunar ba ta samu lambarta ta dogon aiki ba sai 1934, zamanin Sarki George na biyar, ga wanda ya yi shekara 20 ba tabo. Steele kuwa ya rasu a Landan tun Janairun 1919.

Haka ma Arthur Richardson, ɗan rundunar da ya samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Ingila. A fagen yaƙin Bowa ya same ta, ranar 5 ga Yuli 1900, da ya juya da dokinsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko abokinsa da ya ji rauni. Jarumta ce, ba musu. Amma da rigar soja ya yi ta.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne kakana. Ya je Bama da sojan Afirka ta Yamma, ya dawo da tauraruwa mai tsini shida, ƙyallenta shuɗi da ja da ruwan lemo. Bayan nan ya yi shekaru yana ɗan doka a garinmu, yana raba faɗa a kasuwa, yana kwana a ƙofar gidan yari. Tauraruwar tana cikin gwangwanin alawa a ƙasan akwatin Goggo, tare da allura da maɓallai. Mu yara muka riƙa ɗaukowa muna liƙawa a riga muna fareti a tsakar gida, har ranar da aka neme ta aka rasa. Ba suna a jikinta, balle a ce wanda ya tsinta ya dawo da ita. Na shekarun ɗan doka kuwa, da ma ba a ba shi komai ba da za mu ɓatar.

Su mutanen Kanada, a 2008 sun biya dala miliyan 1.8 irin tasu suka sayo kayan Steele daga hannun iyalinsa a Ingila. Lambobi da riguna suka tafi gidan tarihi na Glenbow a Calgary, wasiƙu da littattafan da yake rubuta abin da ya yi kullum suka tafi Jami'ar Alberta. A cikin takardun nan ne aikin Yukon yake.

Roƙona, Malam Edita, ku sa wakilanku su nemi tsofaffin 'yan sanda da iyalan 'yan doka a Kano da Katsina da Damagaram, su ɗauki muryarsu tun suna da rai. In kun tashi, akwai ƙanwar mahaifina a nan, ta haura tamanin, har yanzu tana tuna lambar da ke jikin hular babanta.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya