A Riƙa Kawo Mana Labarin Kimiyya da Hausa

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da masana kimiyya suka cim ma a 2023. A watan Agusta Indiya ta sauke kumbonta kusa da kudancin duniyar wata. A Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da R21, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da jami'ar Oxford ta ƙirƙiro.

Amma wanda ya sa ni hawaye shi ne Casgevy, maganin sikila da Birtaniya ta fara amincewa da shi a Nuwamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jinin mara lafiya, a gyara halittarsu, a mayar masa, sai jikinsa ya koma yin irin jinin jarirai. Ɗiyar ƙanwata sikila gare ta. Da hunturu ya shigo muke kwana muna gasa mata ƙafafu da tsumma da ruwan ɗumi, idanunta sun yi ɗorawa, tana kiran uwarta. Kuɗin maganin ya haura dala miliyan 2, na sani, amma aƙalla yanzu akwai shi.

Don Allah ku ware shafi guda duk mako domin irin waɗannan labarai.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Jekadafari, Gombe